Layin da Injiniya Ya Goge

Akwai wani ma'aikacin kwamfuta a wani asibiti, kowa Injiniya yake ce masa. Ofishinsa ɗaki ne marar taga a ƙarshen baranda, daga shi sai sabobi goma sha biyu, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanan asibitin, da ƙugin na'urar sanyaya ɗaki. Ba mai leƙo shi sai in intanet ta ɗauke.

Da can su biyu ne a ɗakin, shi da wani dattijo da ake kira Kawu, wanda ya kafa sabobin tun farko. Injiniya ya iya aiki, ba ƙarya, sai dai ya fi kowa sanin ya iya.

Ranar da Kawu zai yi ritaya ya ce masa, "Ɗana, zauna in nuna maka wasu wurare da na ɗaure."

"Kawu, je ka huta abinka. Zamani ya wuce nan."

Dattijon ya ɗauki kofin shayinsa ya tafi.

Bayan wata bakwai, Injiniya ya tashi girka manhajar da za ta ba shi damar sarrafa sabobin duka daga kujera ɗaya. Manhajar ta ƙi zama, wai ƙananan manhajojin da take dogaro da su sun tsufa. Da ya duba, sai ya ga Kawu ne ya kulle guda uku da gangan don kada su sabunta, har da layin bayani a samansu. Ko karantawa bai yi ba. Ya ja tsaki, ya goge layin, ya sabunta komai lokaci guda, ba tare da ya gwada a kan saba ɗaya ba.

Kafin awa guda, sakamakon gwajin jini ya daina isa wurin likitoci. Marasa lafiya suka cika benci suna jira, waya kuma ta hana Injiniya sakat. Masu kiran duk faɗa suke yi, ba mai shawara.

Sai ya nemo tsohon kwafin fayil ɗin da ya goge layin a cikinsa. Ga abin da Kawu ya rubuta: "Na'urar ɗakin gwaji tsohon zubin manhajojin nan uku kawai take ganewa. In sabuntawa ta zama dole, kira ni, akwai hanya."

Ya haɗiye girman kansa ya kira. 'Yar Kawu ce ta ɗauka.

"Baba ai ya rasu, yau sati uku. Kai ne Injiniya? Kullum yana cewa wata rana za ka kira."

Kwana biyu ya yi yana mayar da tsofaffin manhajojin ɗaya bayan ɗaya, har sakamako ya dawo. Hanyar da Kawu ya ce akwai kuwa, ta bi shi kabari. Injiniya bai taɓa jin kaɗaici irin na ranar ba.

Darasi: Kafin ka kwance abin da wani ya ɗaure, tambayi dalili tun mai amsar yana raye. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ku tura wa wanda kuka san ya daɗe bai kira wani dattijo ba.