Na'urar Da Aka Toshe Wa Baki

Akwai wani matashi a Gyaɗi-Gyaɗi mai suna Murtala, gwanin rubuta manhaja, amma in taurin kai kake nema ka same shi ka huta. Shi da abokiyar aikinsa Tabita, 'yar Filato mazauniyar Tarauni, suka haɗa wata na'ura mai tafiyar da firijin sola.

Tabita ta bar wata 'yar kafa a jikin na'urar, inda ake jona waya zuwa kwamfuta. In zuciyar manhajar, wadda suke kira kanel, ta zo macewa, ta nan take faɗin abin da ya kashe ta.

"Surutun banza ne, yana jinkirta tashin na'ura," in ji Murtala. "Abin da na rubuta ba ya macewa."

"Malam Murtala, a dai bar mata bakin magana."

Bai ji ba. Ya goge ɓangaren manhajar da ke wannan maganar, ya liƙe kafar. Tabita ta ɗauki jakarta ta tafi, ta bar masa aikin.

Aka kafa na'urar a kemis ɗin Hajiya Asabe a Unguwar Gano, inda masu ciwon suga ke ajiye allurarsu. Kullum rana ta take sai na'urar ta mace shiru, firij ya ɗau zafi.

Murtala ya canza batir, ya canza waya, ya zagi rana, ya zagi ƙura. Ya yi ta zirga-zirga a adaidaita har direbobin suka san shi. Ya rame, idanunsa suka yi zuru-zuru, ko abinci ba ya masa daɗi. Wallahi ya gaji.

"Ɗan nan," in ji Hajiya, "ƙanƙara nake saye ina tallafa wa maganin mutane. Ran da ban samu ba fa? Rayuka ne a firij ɗin nan."

Da ya ga uwar bari, ya nufi Tarauni kansa a sunkuye. Tabita ta ɗauko kwamfutarta da wayar jonawa suka tafi kemis ɗin.

Ta buɗe kafar, ta mayar da abin da ya goge. Suka zauna a benci suna gumi, suna jiran na'ura ta mace. Bayan azahar ta mace, amma wannan karon sai da ta rubuto layi ɗaya a kwamfuta. Ba batir ba ne, ba rana ba ce. Kuskure ta nuna a wurin da Murtala ya rubuta da hannunsa.

Kafin la'asar ya gyara, firij ya yi sanyi. Kunya ta hana shi ɗaga kai.

"Tun ranar farko take son gaya maka," in ji Tabita. "Kai ka toshe mata baki."

Darasi: Kada ka toshe bakin mai gaya maka laifinka, domin ran da ka faɗi shi kaɗai ya san inda ka yi tuntuɓe. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda ba a isa a ce masa ya yi kuskure ba.