Firizar Da Ablavi da Wutar da Ba Tata Ba

Akwai wani mai gyaran lantarki a unguwarmu ta Be, a Lome, ana kiransa Fo Komlavi. Shekara ashirin da biyar yana gyaran fanka da injin ruwa. Ya iya aikinsa, amma girman kai ya yi masa katutu.

Da wata budurwa mai suna Mawunyo ta buɗe shagon gyaran kayan sola daura da nasa, sai ya ɗauki karan tsana ya ɗora mata. Yana ce wa mutane mace ce mai wasa da batir. Ko gaishe shi ta yi, tsaki ne amsar da take samu.

Wata Asabar, batir ɗin solar wata mata da ake kira Da Ablavi, mai rumfar sayar da kifi a kasuwa, ya mutu. Firizarta cike take da kifin mata shida da suka saro a bakin teku da safe. Hankalinta ya tashi, ta aika aka kira Fo Komlavi.

Ya duba, ya ce abu ne mai sauƙi. Zai yanke wayar batir ya haɗa firizar da wutar layi kai tsaye.

Mawunyo tana wurin, ta zo sayen kifi. Ta matso ta ce, "Yaya, kada ka haɗa. Wannan firizar wutar batir take ci, mai bin hanya ɗaya. Wutar layi kai-komo take yi, kuma ta fi ƙarfinta nesa. Allon cikinta zai ƙone."

Ya dube ta sama da ƙasa. "Ke, lokacin da na fara riƙe waya ko rarrafe ba ki fara ba. Wuta ai wuta ce. Ki je ki wanke tukwanen uwarki."

Mutane suka yi dariya. Mawunyo ta ja baya, idonta jawur.

Yana haɗawa aka ji ƙara kamar an fasa kwalba. Hayaƙi ya turnuƙe, ƙaurin roba ya cika rumfar.

Maimakon ya amsa laifinsa, sai ya ce firizar ce jabu, kuma bakin yarinyar nan ne ya kama ta. Nan matan suka yi masa caa. Da Ablavi ta cakumi rigarsa ta ce, "An faɗa maka a gabana, ka ƙi ji. In kifin nan ya ruɓe, kai za ka ci shi."

Mawunyo ta so ta yi tafiyarta, don zagin uwar ya tsaya mata a rai. Amma ta dubi matan, ta koma shago ta ɗauko kayan aikinta. Awa uku ta yi tana cire ƙananan ƙwayoyin da suka ƙone a allon tana sa sababbi, sannan ta jona nata batir ɗin. Firizar ta tashi. Kifin da ke sama ya riga ya lalace, aka zubar, sauran ya tsira.

Fo Komlavi bai ba kowa haƙuri ba, har yau ba ya yi mata magana. Amma matan kasuwa sun baza labarin, yanzu ko ƙwan fitila ba mai kiransa ya sa masa.

Darasi: Daɗewa a sana'a ba shi ne sanin komai ba. Wanda ya raina mai yi masa gyara, da hannunsa zai ƙona mutuncinsa. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai mai bukatar jin wannan.