Ƙafa Ɗari Huɗu a Cikin Girgije

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya haɗa mu da Shehinmu, kogin ilimi, ma'abucin tsentseni, wanda harshensa ba ya bushewa daga ambaton Ubangiji, Allah Ya ƙara masa yarda. Abin da zan faɗa, rabinsa da idona na gani, rabin kuma daga bakin ƙanena na ji shi.

Ƙanen nan nawa matuƙin jirgin sama ne, almajirin Shehu ne kamar ni, Shehu kuwa ba ya kiransa da komai sai Tsuntsu. Wata rana bayan la'asar muna zauren Shehu ana karatu, ruwa na sauka kamar da bakin ƙwarya, sai Shehu ya tsaya a tsakiyar layi, ya ɗora yatsa a kan littafi, ya ɗaga tafin hannunsa sama a hankali, ya ce, "Hau, ɗana. Ka yi ƙasa da yawa." Daga nan ya ci gaba da karatu, mu kuwa kwarjininsa ya hana mu tambaya.

Ashe a daidai wannan lokaci ƙanena yana cikin girgije da fasinja ɗari da arba'in, ba ya ganin ko hancin jirginsa, sai na'urori kawai yake bi. A al'adar aikinsu, can sama duk jirage awon iska ɗaya suke sa wa na'urar da ke nuna tsayi, idan an zo sauka sai a juya ta zuwa awon filin, matuƙi ya faɗa, mataimakinsa ya maimaita. To, ran nan jirage bakwai ke jiran layi, mai ba jirage umarni daga hasumiyar filin yana ta magana ba ya ko numfasawa, har sau biyu ya sauya musu hanya. Garin haka ƙanena da mataimakinsa suka tsallake wannan gaɓa ta juya awo, kowannensu yana zaton an yi ta. Na'urar ta riƙa nuna musu suna sama da inda suke da ƙafa ɗari huɗu, ga kuma tsauni a gabansu kafin titin sauka.

Ƙanena ya ce mini muryar Shehu ya ji, ba a na'urar sauraro da ke kunnensa ba, a cikin ƙirjinsa. Bai tsaya shawara ba ya ba injin wuta ya ɗaga hancin jirgi, mataimakin yana tambayarsa ko lafiya. Sai girgije ya tsage kaɗan, suka ga kawunan itatuwa suna wucewa a ƙarƙashin fiffike, kusa har ana iya ƙirga rassa. Suka kewayo, suka gyara awo, suka sauka lami lafiya.

Kashegari ya zo zaure da kayan aikinsa a jiki, ya durƙusa a gaban Shehu yana kuka. Shehu ya dafa kansa ya ce, "Allah ne Ya tsare, Shi za ka gode wa. Amma Tsuntsu, ka riƙa duba awonka sau biyu, tsohon nan yakan yi gyangyaɗi bayan la'asar." Ƙanena ya yi dariya cikin hawaye, ya je da kansa ya rubuta kuskurensa ga shugabanninsa don wasu su kiyaye.

Tsarki ya tabbata ga Mai riƙe da tsuntsu a sarari. Ya Allah Ka ɗaukaka darajar wannan bawa naKa, Ka yayyafa mana albarkarsa, mu da 'ya'yanmu da duk matafiyin da ke tsakanin sama da ƙasa. Amin.