Magogi Mai Fuska Huɗu

Akwai wata mace a wani ƙauye, tana zaune da mijinta manomi, da 'ya'yansu, da surukinta tsoho. Tsohon nan ya yi doguwar jinya, ya tashi ba haƙora, har loma mai ɗan tauri sai ta sarƙe shi.

A madafarta akwai magogi mai fuska huɗu, wanda mata ke kira gireta. Fuska ɗaya mai manyan ƙofofi ce, ta goga kuɓewa da albasa. Wata tana da baki kamar wuƙa, tana yanka kabeji da dankali fala-fala. Akwai matsakaiciya ta karas da kwakwa. Ta huɗun kuwa ƙananan ƙofofi gare ta masu tsini. Ita ke mai da citta ko doya laushi lukwi, amma sai hannu ya sha wuya, ta kan kuma ci yatsa.

Da wannan ta huɗun matar take yi wa tsohon abinci. Sai ta ce a ranta, "In Baba ya ga nasa dabam, na gida dabam, zai ɗauka ya zame mana kaya." Saboda haka ta shiga goge abincin gidan duka a ƙananan ƙofofin: doya, rogo, karas, har kabeji. Kafin ta gama rana ta take, wutar murhu ta mutu ta sake hurawa. Kafaɗarta ta riƙe, yatsunta duk tsumma a ɗaure.

Ba wanda ya gode mata. Yara suka ce kullum abinci kamar kunu. Mijin ya dawo daga gona ya shanye nasa, ya tashi da yunwarsa. Ita kuwa gajiya ta cinye ta, har ta fara jin haushin tarin tsohon. Dā ta kan durƙusa ta gaishe shi, ta zauna har ya gama ci. Yanzu sai ta dangwarar da kwano ta juya.

Wata rana da ta ajiye kwanon, tsohon ya ga jini ya ɓullo ta tsumman yatsanta. Ya ce, "'Yata, kawo mini abin da kike girkin nan da shi."

Ta kawo. Ya juya shi a hannunsa, yana shafa fuskokin. Uku suna nan da kaifinsu, har sun fara tsatsa. Ɗaya ta cinye, ta lanƙwashe.

Ya ce, "Sauran ukun fa?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, ban so ku ga an ware ku ba."

Ya ce, "Ni ne ba ni da haƙora, ba gidan duka ba. Cikin tafin hannu ɗaya ya ishe ni. Ki ba masu haƙora abin da za su tauna. Lokacin da ya rage ki zo ki zauna, mu gaisa. Na fi kewar wannan a kan doyar."

Matar ta zauna a bakin ƙofa ta yi kuka, irin kukan wanda aka sauke wa kaya. Kashegari ta goge ɗan na tsohon a ƙananan ƙofofi, ta juya magogin ta yanka na sauran. Hantsi bai gama ɗagawa ba ta sauke tukunya, kowa kuma ya ƙoshi.

Ma'anar wannan misali ita ce: magogin nan hidimar da Ubangiji ya sa a hannunka ce, a gida ko a ikilisiya. Fuskokinsa su ne hanyoyin da ake bi da mutane. Akwai raunana, marasa lafiya da masu makoki da sababbin tuba, waɗanda sai ka zauna da su ka tausasa musu kome. Waɗannan su ne na ƙananan ƙofofi, kada kuwa a hana su. Amma akwai wanda gaisuwa ta ishe shi, akwai mai bukatar a faɗa masa gaskiya kai tsaye, akwai kuma wanda ya isa a miƙa masa aiki ya yi da kansa.

Da yawa a cikinku kun gaji, na sani. Kuna tauna wa masu haƙora, kuna tsammani wahalar ita ce aminci. Ga shi ƙarfinku ya ƙare, wanda yake bukatarku da gaske kuwa shi ne yake samun ragowar fushinku. Ubangiji bai roƙi jinin yatsunku a kowace tukunya ba. A makon nan ka dubi mutanen gidanka ɗaya-ɗaya, ka roƙi hikimar sanin wane ne marar haƙora a cikinsu. Sauran kuwa, juya musu magogin.