Fankar da Jatau Maƙeri Ya Juya

Ku ajiye wayoyin nan ku saurara. In na gama ku ne za ku yi shari'a, ni ba ruwana.

A wani gari an yi wani tsohon maƙeri, Jatau. Ƙarfi ya ƙare, maƙera ta mutu, 'ya'yansa uku duk nema ya watsa su: Kulu tana aure a Maraɗi, Nomau yana gyaran kwamfuta a Legas, Sallau kuwa direban tirela ne, ba shi da gari sai hanya. Da matarsa Tasalla ta rasu, gidan ya zama daga shi sai ƙadangaru.

Abu ɗaya ya rage masa. Tun Tasalla tana da rai Nomau ya kawo wata tsohuwar kwamfuta gida, ya ɗauki muryarta cikin wasa tana girki tana faɗa, ya tafi ya bar akwatin da ɗan sola. Jatau bai iya karatun boko ba, amma ya haddace inda ake dannawa. Kullum bayan la'asar sai ya kunna, ya jingina da bango, Tasalla ta cika masa gida da surutu. Wallahi da wannan muryar yake rayuwa.

Da bazara ta yi zafi, akwatin ya fara gurnani. Maƙeri kuwa ba ya ganin ƙarfe ya ƙyale. Ya kwance shi, ya tarar da wata 'yar fanka zaune a kan wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji, ƙarfen kuma yana kan ƙwaƙwalwar na'urar. Ya taɓa, zafi rau. Ya sa zare kusa da fankar, ya ga ciki take hura iskar, kan ƙarfen. Ya riƙe baki. "Ashsha! Wane mahaukaci ne ke zuga abin da yake so ya huce?" Mutumin da ya tsufa a gindin zugazugi ai abin da ya sani ke nan, iska wuta take tayarwa. Sai ya ciro ƙarfen, ya goge wani busasshen farin abu da ya ɗauka datti ne, ya juya fankar ta koma hura waje, ya ɗaure.

Ya kunna. Tasalla ta fara magana, ba ta kai ƙarshen zance ba akwatin ya ɗauke ɗif. Ya sake, haka. Tun yana gwadawa har ya daina, don tsoron kada ya ƙona ta gaba ɗaya. Kunya ta hana shi gaya wa kowa. Ya daina fita masallaci sai Juma'a, tuwon da maƙwabta ke aiko masa yana komawa yadda ya zo. A ransa ya kashe matarsa da hannunsa, ya yi mata mutuwa ta biyu.

To, Kulu ta saba kiransa da la'asar, kuma kullum tana jiyo muryar uwarta can ƙasa-ƙasa a bayansa. Ran nan ta kira, ta ji bayansa shiru. Washegari, shiru. Ta ce, "Baba, ina Inna?" Ya ce sola ce ba ta ja. Ba ta yarda ba, ta san makaho ma ya san akwai rana a bazara. Ta bi shi da lallashi, ta yi kuka, ta yi fushi, ta ƙi kashe waya, har tsoho ya fashe ya faɗi abin da ya yi. Ba don kunnenta da nacinta ba, da Jatau ya tafi kabari da maganar a ciki.

Nomau ba shi da halin tasowa daga Legas, amma Kulu tana yi masa bayani a waya ya gane ciwon. Fankar dole ta hura iska cikin haƙoran ƙarfen ta kore zafi, farin abin nan kuwa mai ne da ke miƙa zafin ƙwaƙwalwa ga ƙarfen. Jatau ya ce atafau ba za a sake zuga masa mata ba. Nomau bai yi masa boko ba, ya ce, "Baba, in ka ciro lauje daga wuta ka hura masa iska, ja yake ƙarawa ko hucewa yake yi? Gawayi iska ke zugawa, a cikin akwatin nan kuwa babu gawayi." Tsoho ya ce, "Ɗan nema." Ba don saninsa da iya bakinsa ba, da babu mai taɓa fankar nan Jatau yana numfashi.

Sai dai yarda ba ta gyara. Hannun tsoho rawa yake yi, ya ma karya ƙafar fankar guda wajen ɗaurewa, garin kuma ba a sayar da irin man nan. Sallau yana kan hanyar Agadas da kaya labari ya riske shi, ya bar motar a hannun abokin tuƙinsa, ya san zai iya rasa aikin. Ya biya Kano ya sayi mai da sabuwar fanka, ya hau motar haya, ya ƙarasa a kan babur cikin ƙunar rana. Da yatsunsa masu kaurin taɓarya ya ɗiga man, ya zaunar da fankar tana kallon ƙarfe. Ba don ƙafarsa da hannunsa ba, da maganar ta ƙare a waya.

Aka kunna. Fanka ta juya lumui. Sai ga Tasalla: "Malam, wai sai na zo na ɗauko ka ne? Tuwon nan fa ba zai jira ka ba!" Jatau ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka kamar yaro. Ranar ya cinye tuwonsa tas.

Da safe Sallau ya koma hanya. Gida ya sake zama daga tsoho sai murya, don kada ku ce ban faɗa ba, cikin su ukun babu wanda ya zauna. Jatau ya kira liman ya ce ba shi da abin duniya sai uwar maƙerar da ya gada daga kakansa, wadda ake dukan ƙarfe a kanta, ba ta kuwa tsaguwa uku, kuma yana so tun yana raye ya damƙa ta ga wanda ya dawo masa da Tasalla. Liman ya yi ta juya maganar, ya kasa.

To, ku da kuka iya gardama, wa za a ba? Wadda ta ji shirun, ko wanda ya san inda iska za ta bi, ko wanda ya zo?