Bindigar Sajan Ilu

Ku matso kusa, yau shari'a na kawo muku.

A wani gari an yi wani ɗan sanda, Sajan Ilu, wanda aka sani da iya saiti. Kwatsam sai hannunsa ya ƙi. In ya je filin gwaji da ƙaramar bindigarsa, wannan harsashi ya yi gabas, wancan ya yi yamma. Abin ya dame shi har ya fara tunanin idonsa ne ya tafi.

Akwai wani tsoho, Baba Ɗanjuma, da ya koyar da harbi shekara talatin kafin ya yi ritaya. Ran nan ya tsaya bayan Ilu yana kallo. Da aka gama ya karɓi bindigar, ya zare harsasai, ya danna bututun da babban yatsa, sai ya ji ya motsa.

"Ɗana, hannunka lafiya lau," in ji shi. "Duk harbi, marfin nan na sama yakan ja baya, bututu ya sunkuya, sannan su dawo su kulle da juna. To naka sun cinye, ba sa komawa mazauni ɗaya. Ma'aunin saiti yana kan marfi yana duban wuri, bututu yana duban wani wurin."

Ilu ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji.

Sai dai gane ciwo daban, magani daban. Kofur Mati, mai gyaran bindigogin bariki, shi ya karɓi aikin. Sabon bututu ya samo, ya ƙi shiga. Kwana huɗu yana goga, yana gwadawa, yana sake gogawa, ga zazzaɓi a jikinsa. In ya matse da yawa bindiga ta cije, in ya saki da yawa an koma gidan jiya. Rana ta biyar Ilu ya harba biyar, duka suka taru a wurin da tafin hannu zai rufe.

Bayan wata biyu, ranar kasuwa, mahaukacin kare ya faɗo cikin 'yan daddawa, inda mahaifiyar Ilu, Inna Kulu, take kasa kayanta. Kowa ya watse. Tsohuwa ta tashi gudu ta faɗi, kare ya cafki bakin zanenta yana ja. Larai mai tumatir, wadda ko gaisuwar kirki ba ta taɓa haɗa ta da Inna ba, ta fizge gwafar rumfarta ta danne wuyan karen da ƙasa.

"Jama'a ku taimaka, ƙarfina ya kusa ƙarewa!"

Ilu yana bakin aiki a ƙofar kasuwa. Ya sheƙo, amma wani babban lambatu ya raba su, taku ashirin tsakani. Kan karen bai fi taƙi ɗaya daga ƙafar Larai ba, ga uwarsa kwance a gefe. Ya ambaci sunan Allah, ya harba sau ɗaya. Karen bai sake motsi ba, ko ƙwarzane babu a jikin matan.

Washegari Ilu ya bi Baba Ɗanjuma da Mati da Larai gida gida yana godiya. Inna Kulu kuwa ta ce godiyar baki ba ta isa ba. Karsana ɗaya gare ta, ba za a yanka ba, ba za a sayar a raba ba, mutum ɗaya za ta ba.

"Kai dai ɗana ne, ba ka ciki," ta ce wa Ilu. "Zaɓo mini."

Ilu ya shiga auna su ɗaya bayan ɗaya. Ba don idon Baba Ɗanjuma ba, da har yau kansa yake zargi. Ba don haƙurin Mati ba, da harsashin nan wataƙila ƙafar Larai zai samu. Ba don Larai ba kuwa, da kafin ya iso an gama.

To jama'a, ku ne Sajan Ilu: ƙofar wa za ku ja karsanar nan?