Sallau Mai Wanki da Muryar da Ke Kunnensa

Wannan abin da kuke maƙalawa a kunne kuna tafe kuna surutu ku kaɗai, kuna ganin ku kuka zo da shi, to ni Korau direba na riga kowa ganinsa a ƙasar nan. A kwalinsa na ɗauko shi daga Ikko, a kan cinyata, lokacin da iyayen wasunku ko kan waya ba su iya riƙewa ba. Ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba, amma duk waɗanda suka ga abin da zan faɗa ƙasa ta rufe su, ni kaɗai Allah ya bari. Ku gyara zama ku saurara.

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba ruwanku da sunansa. Sallau ake ce masa, wanki da guga yake yi a gidan Alhaji Na'iya, attajirin da nake tuƙawa. Sallau baƙo ne, ba mata, ba ɗa, ba dangi. Abu ɗaya yake da shi a duniya: ciyayyar ƙofar gida. In an yi magariba mazan layin suka fito da kwanukansu, Sallau ya zauna cikinsu ya sa hannu a kwano ɗaya da mutane, ya ji shi ma ɗan gari ne.

To, akwai wayar girke a falon Alhaji, irin mai igiya a bango. Wadda na kawo kuwa ta fi ta wayo. Uwar tana zaune a falo, kan nata kuma ba igiya, sai ka jefa shi a aljihu, ka maƙala wani ɗan abu a kunne, ka yi ta magana hannunka biyu na aiki. Iyakarta dai ƙofar gida. Ka ƙara taku uku, ta ɗauke.

Alhaji yana da uba a garinsu, Malam Haladu, tsoho, idonsa ya tafi, matarsa ta rasu, sa'o'insa sun ƙare. Alhaji ya ja masa waya har ɗaka don kada a ce ya yar da shi. Tsoho ya haddace maɓallan da yatsa, kullum bayan la'asar sai ya kira. Ba kuɗi yake roƙo ba, murya yake nema. Alhaji kuwa lokacin ne falonsa ke cika da 'yan kasuwa. Ran nan ya sami Sallau a wurin wanki, ya maƙala masa abin, ya ce ya riƙa cewa “uhm” da “to” kawai, tsohon ba zai gane ba. Ya ba shi hula haɓar kada ya ce ya rufe kunnen, kada baƙi su yi tambaya.

La'asar ta yi, waya ta yi ƙara a aljihun Sallau, hannunsa tsundum cikin kumfa. Ya ji muryar tsoho tana rawa, tana cewa ɗana, ka wuni lafiya? Ku saurara da kyau. “Uhm” ɗaya aka ce ya yi, ba ta da nauyi. Amma Sallau ya tuɓe takalmi ya durƙusa a bakin baho, kamar tsohon na gabansa.

“Baba, ba ɗanka ba ne. Sallau ne, mai wankin gidan. Alhaji na da baƙi.”

 Tsohon ya tambaya ko gobe ma za a yi baƙin. Sallau ya ce Allah ne masani, amma baƙin ba sa yankewa.

“To kai kada ka ajiye,” in ji tsohon. “Kuma kada kowa ya ji. A nan kowa ya san kullum ɗana yana hira da ni. Amana na ba ka.”

Tun daga ranar Sallau ya daina fita majalisa da yamma, tunda waya ba ta wuce ƙofa. Yana cuɗa, tsoho na ba shi labarin fataucin goro. Yana matsa, tsoho na yi masa faɗa wai shunin ya yi yawa, ya ji a ƙarar ruwa. Sallau ya ce Baba, makaho ma ya shiga aikina? Tsoho ya ce makahon ya sa babbar riga kafin a haifi uban mai wankin. Su yi ta dariya, ɗaya a nan, ɗaya can nesa, kowa shi kaɗai a wurinsa.

Amma katanga gajera ce, mutane kuma suna da ido. Sun ga mutum ya tuɓe takalmi ya durƙusa wa iska yana gaishe ta. Sun gan shi yana dariya da baho. Ga hula har kunne cikin zafin bazara. Aka ce mutanen ɓoye sun shige shi. Masu wucewa suka fara leƙo kai suna tambayarsa yaya mutanen rijiya, a gaishe su. Wani mahauci ya ce a tambayar masa su ko shanu za su yi araha bana. Sallau sai ya yi murmushi ya ci gaba da shanya.

Sai ciyayya. Ran farko aka matsa kaɗan da ya zauna. Ran na biyu aka zuba masa nasa a murfi. Ran na uku ya fito ya tarar an mayar da tabarma ƙofar wani gida. Ya tsaya da kwanonsa a hannu, ya koma ɗakin guga ya ci shi kaɗai tsakanin rigunan mutane. Ya san ɗaga hula kawai zai yi magana ta mutu. Ya kuma san tambayar da za ta biyo baya: wayar wa, wa ke ciki, me ya hana ɗan ɗauka? Wata bakwai yana haka. Ni na sani, amma ni direba ne, ba a tambaye ni ba.

Ƙarshe mai unguwa da liman suka kira shi ƙofar masallaci, Alhaji na zaune a gefe yana jan carbi. Aka ce ya faɗi da wa yake magana, ko ya bar unguwar kafin Juma'a, mata sun tsorata. Sallau ya dubi Alhaji. Alhaji ya dubi carbinsa.

“Allah ya gafarta malam, da ɗan Adam nake magana, mai salla kamar mu. Sunansa kuwa ba nawa ba ne da zan bayar.”

Ran Alhamis da la'asar ya durƙusa ya gaida tsoho, ya ce tafiya ta kama shi, a yafe masa. Ya manta cewa abin nan ba muryarka kaɗai yake ɗauka ba. Wata bakwai tsohon na jin baƙar maganar da ake jefowa ta katanga, yana haɗiyewa don kada asirinsa ya tonu. Ya ce Sallau ya kai shi wurin liman. Sallau ya ce waya ba ta kaiwa, kuma ko tana kaiwa ba zai kai shi ba.

“Amanar tawa ce ko taka?”

“Taka ce, Baba.”

“To na karɓi abata. Kira su ƙofar gida.”

Aka taru a ƙofa, ana tsaye nesa-nesa. Sallau ya cire hula, ya fito da waya, ya danna maɓallin da ke sa murya ta fito fili. Da tsoho ya yi sallama, mahaucin nan sai da ya taka ƙafar mai unguwa. Tsoho ya faɗi sunansa da na ubansa, ya faɗi komai, bai zagi kowa ba. Ya ce girman kai ne ya sa ya bar bawan Allah yana cin abinci shi kaɗai, ya roƙe shi gafara a gaban jama'a. Sannan ya tambaya ko ɗansa na wurin. Alhaji ya matso, ya karɓi waya da hannu biyu.

A daren aka dawo da tabarma, liman da kansa ya jawo hannun Sallau cikin kwanonsa. Mutuncin Sallau ya dawo. Amma daga ranar Alhaji ke ɗaukar waya, ya rufe falo. Sallau ya ji daɗi, wallahi ya ji daɗi. Sai dai in la'asar ta yi, hannunsa kan tsaya cikin ruwa, ya ɗan karkata kai, sannan ya ci gaba da cuɗa. Tsohon bai kai kaka ba. Har ya rasu ba su taɓa zama ɗaki ɗaya ba.

To jama'a, ga abin da ke ciki. Ƙarya ba ta da ƙarama, ko “uhm” ce. Amana kuma ba kuɗi kaɗai ba ce, mutuncin mutum ma amana ne, ana riƙe shi ko da naka zai zube. Kada ku yanke wa mutum hukunci daga bayan katanga. Ku kuma da waya ke aljihunku dare da rana, har kan babur kuna magana hannu ba ya riƙe da komai, wane uzuri ya rage muku? Akwai tsohon da ke zaune yanzu haka yana jiran ta yi ƙara. Kun san shi. Ku kira shi kafin ku ci tuwo.

Wanda kuma ya ce Korau ya tsufa yana shirga ƙarya, ga zaurena nan, ba ƙofa gare shi ba. Ya zo da alwalarsa, ni ma da tawa, a ajiye Alƙur'ani a tsakani, mu ga wanda hannunsa zai yi rawa.